A Sha a Ingila, a Kwanta a Faransa

Idan na ce "a zamaninmu", matan da muke ɗinki tare a Sabon Gari sai su kwashe da dariya, wai yaushe aka haife ni da har na yi zamani. Su yi ta yi. Ba furfura kaɗai ke kawo tsufa ba. Duk wanda garinsu ya riga shi mutuwa ya tsufa, ko da jiya aka yaye shi. Ni kuwa garinmu ya mutu ina kallo, kuma ko wanka ba a yi masa ba.

Ba zan faɗi sunan garin ba, don ba abin da sunan zai ƙara muku. Can arewa yake, daidai inda Najeriya ta ƙare Nijar ta fara, ko da yake mu ba haka muke kiransu ba. Kudancin gari Ingila ne, arewacinsa Faransa, kamar yadda kakanninmu suka ji a bakin Turawan da suka raba wurin. Wani kwari mai yashi ya ratsa tsakiya, da damina ruwa ya bi shi na yini ɗaya ya wuce, da rani mu yi wasan 'yar gala-gala a cikinsa. Ta kudu akwai fadama mai baƙar laka, nan rijiyar gari take, ita kaɗai, ruwanta sanyi kamar an ajiye shi a randa. Ta arewa kuma ƙasa ta hau ta zama tudu mai jan yashi da itatuwan gawo, nan makabarta take, ita ma ita kaɗai. Ba wanda zai haƙa kabari a fadama, don kafin ka kai gwiwa ruwa ya taso. Ba kuma wanda zai haƙa rijiya a tudu sai wanda bai da aikin yi. Shi ya sa tsofaffinmu ke cewa, "A sha a Ingila, a kwanta a Faransa." Ba kirari ba ne, yadda Allah ya shimfiɗa ƙasar ke nan. Kowa ya zo duniya da ruwan kudu za a yi masa wanka, ranar da zai bar ta kuma da ruwan kudun za a sake yi masa, sannan a ɗauke shi a hau arewa.

Iya, kakata wadda ta haifi mahaifiyata, ita ta riƙe ni, domin mahaifiyata ta hau tudun nan tun ban san fuskarta ba. Gidan Iya a gaɓar kwari yake, kuma a bayan ɗakinta akwai wani dogon ƙarfe a kafe, mai tsatsa, wanda ake kira tangaraho. Shi ne iyakar. Ni dai da na yi wayo turken akuyarmu na san shi. Iya ta ce uwarta ta ba ta labari, wasu Turawa biyu ne suka zo da igiya, suka yi ta auna ƙasa suna gardama da yarensu, suka kafa ƙarfen suka tafi. Mutanen gari suka ce ai turke ne, sun tafi kawo doki. "Har yau muna jira," in ji Iya, "dokin bai iso ba. To akuyata ta riƙe mashi wuri." Akuyar nan kuwa, in ta zagaya hagu ta ci ciyawar Ingila, in ta zagaya dama ta zubar da kashinta a Faransa, ba wanda ya taɓa tambayarta daga ina take.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sautin safiya. Kafin rana ta fito za ka ji luguden mata daga gaɓa biyu, na kudu su buga na arewa su amsa, har ka rasa turmin wa ke magana. Sai kukan guga a bakin rijiya, da tsawar mai yasar rijiya yana korar yara, da jakunan Faransa suna gangarowa ɗaukar ruwa. Aikina shi ne in cika randa kafin in tafi makaranta, in kwance akuya, in share gindin tangaraho. Wani lokaci a ga watan Sallah a ƙasa ɗaya ba a gani a ɗayar ba, manya su yi ta muhawara a gindin tsamiyar kasuwa, mu yara kuwa mu ci tuwon Sallah sau biyu, mu yi addu'ar Allah ya sa baɗi ma su saɓa. Ranar da aka yi rasuwa, mu mata mukan leƙa ta saman danga mu ga makara ta gangara kwari ta hau tudu. Akwai mai kaki ɗaya a kowace gaɓa, duka biyun sun san kowa da sunan uwarsa. In makara ta zo wucewa su miƙe tsaye, wani ma ya ajiye hularsa ya sa kafaɗa. Yau a Samaru ba abin da ke tashe ni sai ƙarar janareta da hon ɗin 'yan acaɓa, kuma maƙwabcinka zai mutu ka ji labari a waya.

Makarantar da ta fi kusa da gidanmu ta Faransa ce, lakwal muke ce mata, kuma malamin lakwal mushe ake kiransa. Kalmar Turawansu ce ta girmamawa. Namu mushen wani dogon mutum ne siriri mai tabarau, wanda ko tsawa bai iya ba. Iya ta kan aika masa fura. In mun haɗu a hanya in durƙusa in ce, "Mushe, ina kwana," ya ce, "Lafiya lau, jikar mai akuya."

Wannan kalmar ce ta fara nuna mini cewa mu abin kunya ne. Da na isa shiga sakandare, Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya zo ya ɗauke ni. Yana aiki a wani ofis a Samaru, ya yi mota, ya auri Bazazzagiya. A makon farko malamin lissafi ya yi tambaya, na san amsa, na ɗaga hannu da zumuɗi na ce, "Mushe! Mushe!" Ajin ya fashe da dariya. A bakinmu kalmomin biyu ba ɗaya ba ne, amon kowace daban, amma kunnen Zariya mushe ɗaya ya sani, dabbar da ta mutu ba yanka. Malamin ya ce shi na kalla na kira mushe? Na ce e mana, ba kai ne mushenmu ba? Na sha bulala har sai da na kasa zama, kuma har na gama makarantar nan sunana 'Yar Mushe. Bulalar ba ta dame ni ba kamar abin da Kawu ya yi da ya ji. Bai je ya yi wa malamin bayani ba. Ɗaki ya ja ni ya rufe ƙofa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ki saurare ni. A gidan nan babu lakwal, babu mushe, babu Faransa. In an tambaye ki, mu 'yan Katsina ne, cikin birni. Kina so a ce ni ɗan Nijar ne a ofis?" Na dube shi, mutumin da aka yanke wa cibiya taku kaɗan daga turken akuya, yana rawar murya kamar wanda ya yi sata. Tun ranar na daina ganin girmansa, kuma ban ɓoye masa ba.

Shekaru suka wuce, Iya ta tsufa, ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Kawu ya ɗauko ta zuwa asibiti a nan Zariya, aka yi gwaje-gwaje, likita ya ba da magani ya ce a je gida a yi ta addu'a. Kowa ya gane. Aka ba ta ɗakin baya, aka ce kada ta riƙa zama a ƙofar gida tana surutu da mutane. Ita kuwa da an fita aiki sai ta ja tabarmarta zuwa ƙofa. Matar Kawu ta kan ce mini, "Tsohuwan nan ba ta jin magana." In ce mata, "Ai ba ta saba da kurkuku ba ne."

Wata safiya muna zaune a ƙofar, sai ga motoci a jere gaban gidan maƙwabciyarmu Maman Rahila, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, mijinta ya rasu. An maƙala ganye a gaban motocin, mata suna waƙa a hankali. Iya ta taɓa ni.

"Ke, ina za su da shi?"

"Garinsu, Iya."

"A mace?"

"A mace. Haka suke yi, ko ina mutum ya rasu sai sun kai shi gida."

Ta bi su da kallo har motar ƙarshe ta sha kwana. Sannan ta ce, "Su ana kai su. Mu kau in na cika da hantsi, kafin azahar kun turbuɗe ni a Samaru cikin baƙi. To ni da ƙafata za ni. Ku maishe ni gida."

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, wa ya ce miki mutuwa za ki yi? Sai kin ga jikokina."

"Wa zai kwashe ki da wannan bakin? Ke dai ki faɗa ma kawunki. Uwata na bisa tudun nan, uwarki na bisa tudun nan. Ba ni kwana nan."

Na faɗa wa Kawu. Ya ce an rufe iyaka, a bari a buɗe. Na sake faɗa masa, ya ce aiki ya yi yawa. Na sake, ya ce ƙasa duk ta Allah ce, ko ina aka rufe mutum daidai ne. Na ce haka ne, amma ban taɓa jin ka tuna ƙasa duk ta Allah ce ba sai yau. Ana cikin haka Iya ta daina cin tuwo, sai kunu, kunun ma sai an lallashe ta. Kullum in na dawo daga shago tambayarta ɗaya ce, "An buɗe?" Na ga in aka biye wa Kawu, a ɗakin bayan nan za ta cika tana tambaya. Ran wata Asabar na ɗaure kayanta a zane, na tsayar da mai keke a ƙofar gida, na shiga na sami Kawu yana shan shayi.

"Kawu, za mu tasha."

"Ke da wa?"

"Ni da uwarka. Kuma duk wanda ya tambaye ni a tasha wace ce wannan, zan ce uwar wane ce na ofis kaza, 'yar Faransa ce, za ta gida ta mutu don ɗanta ya ce aiki ya yi yawa."

Ya ajiye kofin. "Ke ba ki da kunya ko?"

"Kai ka kwashe ta duka, ba ka rage mana ba."

Da motarsa muka tafi.

Na daɗe ban je garin ba, kuma da na san abin da zan gani da na rufe ido tun daga nesa. Warin fetur ne ya fara tarbar mu. An sare tsamiyar kasuwa, wurinta jarkoki ne rawaya a jibge kamar an yi rumbu da su. A bakin rijiya ba mace ko ɗaya, wasu ƙarti ne ke ɗauraye jarkoki, ruwan da ya kwanta a ƙasa yana ƙyalli da maiƙo. Ban ji turmi ko ɗaya ba. Kwarin da muka yi wasa a ciki an bi shi da mota mai haƙa, an yi rami mai zurfi ya fi tsayin mutum, ya ratsa ta bayan ɗakin Iya ya cinye dangarta. Tangaraho na nan, an shafa masa fenti fari, ba akuya, ba doki. Inda hanyar makara take an kafa rumfar kwano da shinge, masu kaki suna zaune da bindigogi a cinya, ba fuskar da na sani. Tudu kuwa ga shi can, da gawonsa, kusa har kana iya ganin tsuntsayen da ke kai.

Muka riƙo Iya zuwa rumfar. Babbansu ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Baba, ina zuwa?"

"Bisa tudu."

"Ke 'yar wace ƙasa ce?"

"Ni? Ɗiyar gidan can ce da kuka ci ma danga."

"An rufe, Baba. Ko kaza ba ta wucewa."

Yana faɗin haka ina jin kukan babura ta yamma da gari, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lodin da ya fi shi girma. Shi ma yana ji. Kujerarsa ce kawai aka juya ta ba wa yamma baya. Kawu ya matsa ya yi masa Turanci, ya nuna shi ma ma'aikaci ne, mutumin ya yi hamma. Na tambaya, to in an yi rasuwa a Ingila yanzu yaya ake yi? Wata tsohuwa da ta zo gaida Iya ta nuna mini gefen fadama, inda aka tara duwatsu a kan wasu 'yan tudun laka. Ta ce damina ɗaya ta isa ta nutsar da su. Iya ta kalli wurin sau ɗaya ta kau da kai, na ji hannunta ya ƙanƙame nawa.

Wani ɗan'uwanmu ne ya kawo mafita, magidanci mai 'ya'ya, wanda ubansa ne mai yasar rijiya a da. Yanzu babur gare shi. Ya sosa ƙeya ya ce, "Sai dai a bi da ita ta hanyar kaya."

"Wane kaya?" in ji ni.

"Kin san dai. Kaya."

Na dubi Kawu. Ƙasa yake kallo. Iya ce ta ce, "Kawo babur ɗin." Ya kawo shi da jarkoki biyu cike a rataye, hagu da dama. Na ce ya sauke su. Ya ce ai ba a zuwa wayam, in aka gan shi ba kaya za a zarge shi. Ku ji fa. Fetur shi ne shaidar mutunci, tsohuwa ita ce abin ɓoyewa. Muka ɗora ta a tsakanin jarkokin, kumburarrun ƙafafunta suna reto, na kwance ɗankwalina da mayafina na ɗaure ta a bayansa kamar goyo. Ba ta da nauyin komai. Ta dube ni tana haki ta ce, "Ɗaure da kyau, ɗiyar nan, kada shinkafar ta zube." Na ce, "Tsohuwar shinkafa wa zai saya?" Dariya ta so yi, tari ya hana ta. Wuri ɗaya ne a babur ɗin, ba nawa. Haka na tsaya ina kallo aka yi fasa-ƙwaurin kakata zuwa kabarinta da rana tsaka.

Sai da suka ɓace na tuna ba wanda ya san tana tafe. Ƙanwarta na can Faransa, makauniya ce, kuma mai babur a bakin gari zai sauke ta ya wuce da kayansa. Na ruga bakin ramin ina duba wanda zan aika. A ƙetare, a inuwar wani zaure, ga wani dogon tsoho siriri da tabarau yana jan carbi. Ya rame, ya yi fari fat, amma ko a lahira na gan shi zan gane shi. Kawu na tsaye a gefena, masu kaki na bayana. Na cika ƙirjina na buɗe baki da kalmar da aka hana ni tun ina yarinya.

"Mushe! Mushe!"

Tsohon ya miƙe, ya kare ido da hannu. "Wa ke nan? Jikar mai akuya?"

"Ni ce, Mushe! Iya na tafe ta yamma bisa babur! A tarbe ta a kai ta gidan ƙanwarta!"

Ya ɗaga hannu, ya saɓa rigarsa, ya nufi yamma da saurin da ban zaci yana da shi ba. Ina juyowa na ga babban masu kakin ya taso, ya toshe hanci da hannu yana leƙa cikin ramin.

"Ke, ina mushen yake?"

Na dubi ramin, na dubi rijiyar, na dubi kututturen tsamiyar. Na ce, "Kana tsaye a kansa."

Iya ta yi 'yan makonni a gidan ƙanwarta, an ce har ta koma cin tuwo. A waya Mushe ya faɗa mini ta cika, ina shago da ɗinkin mutane a hannu. Ya ce an sa ta kusa da mahaifiyata, a ƙarƙashin gawo. Na tambaye shi ruwan wanka fa, daga ina? Ya ce na rijiyarmu ne, ba a saɓa ba, mai babur ya kawo. Na ce a cikin me? Ya ce, "An ɗauraye jarkar sosai."

Kawu ya karɓi gaisuwa a ƙofar gidansa a Samaru, 'yan ofis suka zo, na ji yana ce musu an rufe ta a gida, Katsina. Na ƙyale shi, na gaji. Maman Rahila ce kaɗai ta tambaye ni ko tsohuwa ta isa inda take so, na ce ta isa. Ta ce to an gode Allah, ta riƙe hannuna.

Ni dai na sha a Ingila. Inda zan kwanta kuwa, na san ba tudun nan ba ne, don ba ni da jikar da za ta ɗaure ni a bayan babur.